KUN TAMBAYA, MUN AMSA: Bel Ɗin Mota Da Ciwon Da Ke Ɓuya A Ciki

 A yau mun ɗauko wasiƙu biyu ne daga kudancin Jihar Kano, ɗaya daga Rano, ɗaya daga Kibiya. Da yake duka biyun a kan abu guda suke magana, sai muka ga ya kyautu mu haɗa su mu ba su amsa gaba ɗaya.

Ta farko wani direba ne ya aiko mana da ita, wanda ya ce yana jigilar fasinja tsakanin Rano da birnin Kano. Ya ce a tasharsu kullum ana gardama a kan bel ɗin kujera. Wasu na cewa shi ke ceton rai, wasu kuwa na cewa ba abin da yake yi sai tsinka hanji. Masu wannan magana suna kafa hujja da wani abokin aikinsu da ya yi haɗari yana ɗaure da bel, ya fito da ƙafarsa ba ko ƙwarzane, amma washegari cikinsa ya kumbura har sai da aka yi masa tiyata. Ya ce kuma ya ji wai yanzu a cikin kwamfuta Turawa ke haɗa haɗarin mota, su ga abin da zai sami cikin mutum. Shin gaskiya ne? In gaskiya ne, me kwamfutar ta ce game da bel?

Ta biyu kuwa wata malama ce daga Kibiya, mai juna biyu na wata 6, wadda kan shiga mota zuwa awo. Tana tambaya ne, shin ta riƙa ɗaura bel, ko kuwa zai danne abin da ke cikinta?

To, Malam direba da Malama, mun gode da wasiƙunku. Ga amsar a taƙaice kafin mu warware ta. Gaskiya ne ana gwada haɗarin mota a cikin kwamfuta. Gaskiya ne kuma bel kan ji wa ciki rauni, amma galibi sai in ya hau inda bai kamata ba. Bel a kan ƙashin ƙugu garkuwa ne, bel a kan tumbi kuwa shi ne wanda 'yan tasharku ke kuka da shi. Tazarar da ke tsakanin wuraren nan biyu ba ta wuce faɗin tafin hannu ba.

KARO UKU A HAƊARI GUDA

Da farko dai, Malam, ka sani a kowane haɗari karo uku ake yi, ko da yake ɗaya kawai ake jin ƙararsa. Na farko, mota ta daki wani abu ta tsaya. Na biyu, mutumin da ke ciki, wanda jikinsa ke tafiya da gudun motar, ya ci gaba da tafiya har sai wani abu ya tare shi, ko bel, ko sitiyari, ko gilashi, ko kwalta. Na uku, kayan cikinsa, watau hanta da saifa da ƙoda da hanji, su ma su ci gaba da tafiya har su daki haƙarƙari da bangon ciki. Duk wannan yana aukuwa ne cikin kimanin kashi 1 bisa 10 na daƙiƙa, watau kafin ƙiftawar ido.

Kada kuma ka raina gudu. Motar da ke tafiyar kilomita 50 a awa, in ta daki abin da ba ya motsi, daidai yake da a jefo ta daga tsawon mita 10, kamar bene mai hawa 3 ke nan. In gudun ya kai kilomita 100, ƙarfin dukan ba ninki biyu yake zama ba, ninki huɗu yake zama, kamar faɗowa daga kusan mita 40. A lokacin karon, nauyin jiki kan ninka sau 20 zuwa 30. Ke nan yaro mai kilo 10 da uwa ta rungume a cinya zai koma kamar buhun masara 2 ko 3 da aka fizga da ƙarfi. Babu uwar da hannunta zai iya riƙe wannan.

Me ya sa ciki ya fi ba da tsoro? Kai yana da ƙoƙon da ya rufe ƙwaƙwalwa, ƙirji yana da haƙarƙari, amma daga ƙasan haƙarƙari zuwa ƙugu babu ƙashi ta gaba sai fata da nama. Duk wanda ya taɓa tsayawa wajen fiɗar rago ranar Babbar Sallah ya san yadda hanta take, da ɗan yatsa ma sai ka huda ta. Ta babban mutum takan kai kilo ɗaya da rabi, tana ɓangaren dama a ƙarƙashin haƙarƙari, cike take da jini. Saifa tana hagu, ta ma fi hanta saurin fashewa.

DAGA GAWA ZUWA MUTUM-MUTUMI

Tun da daɗewa masu ƙera motoci ke neman sanin iyakar dukan da jikin ɗan Adam zai iya ɗauka. A Jami'ar Wayne State da ke birnin Detroit a Amurka, an yi shekaru ana gwaji da gawarwakin mutane don gano ƙarfin da ke karya ƙashi. Wasu masu binciken ma da jikinsu suka yi gwajin. A shekarar 1954 wani likitan sojan saman Amurka, Kanar John Paul Stapp, ya hau wani keken dogo da roka ke turawa, ya yi gudun da ya haura kilomita 1,000 a awa, aka tsayar da shi cikin ƙasa da daƙiƙa 2. Idanunsa sun tara jini, amma ya rayu, domin an ɗaure shi tamau. Darasin da aka koya shi ne, jikin mutum yana iya jure tsayawar farat ɗaya matuƙar an riƙe shi ta wuraren da ke da ƙarfi.

A 1959 wani injiniyan kamfanin Volvo na ƙasar Suwidin, mai suna Nils Bohlin, ya fito da irin bel ɗin da ke cikin motarka a yau, mai igiya ɗaya a ƙugu, ɗaya kuma ta ratsa ƙirji zuwa kafaɗa. Amma tun kafin a je ko'ina likitoci suka lura da abin da 'yan tashar Rano suka lura da shi. A 1962 wasu masu bincike biyu a Amurka, Garrett da Braunstein, suka bai wa raunukan da bel ke jawowa suna na musamman. A wancan zamani yawancin motocin da ke da bel, na ƙugu kaɗai gare su, babu na kafaɗa, saboda haka in an yi karo sai mutum ya naɗe biyu a kan igiyar. Ka ga ashe gardamar taku ta girmi yawancin direbobin da ke yin ta.

Daga nan aka shiga amfani da mutum-mutumi. Wanda ya fi shahara shi ne Hybrid III, wanda kamfanin General Motors ya fito da shi a 1976. An yi shi da ƙarfe da roba, nauyinsa kimanin kilo 78, an cusa masa na'urorin awo a kai da wuya da ƙirji da cinya. Akan zaunar da shi a sabuwar mota, a tura ta da gudu ta daki bango, kana a karanta abin da na'urorin suka auna. Ya yi amfani ƙwarai. To, amma fa yana da naƙasu babba a kan abin da muke magana: ba shi da hanta, ba shi da saifa, ba shi da hanji. Cikinsa soso ne da roba. Zai gaya maka ko ƙirji ya matsu, amma ba zai gaya maka ko hanji ya fashe ba. Daɗin daɗawa, kowane gwaji guda sai an yi asarar mota sabuwa fil.

YADDA AKE GINA MUTUM A CIKIN KWAMFUTA

Wannan giɓi shi kwamfuta ta zo ta cike. Da mota aka fara. A 1986 aka yi nasarar gwada karon ƙaramar motar nan Volkswagen Polo gaba ɗayanta a cikin kwamfuta, aka bar na'urar ta kwana tana lissafi. Daga baya aka ce, tun da an iya gina mota, me zai hana a gina mutumin da ke cikinta?

Ga yadda ake yi. Akan ɗauki hoton jikin mutum mai rai da na'urar asibiti mai ɗaukar hoto yanki-yanki, daga kai har ƙafa. Daga hotunan sai a zana siffar kowane ƙashi da kowane kayan ciki. Sa'an nan a rarraba siffar zuwa ƙananan gutsattsari masu haɗe da juna, kamar idanun ragar kamun kifi, fiye da miliyan guda. Kowane gutsure a gaya wa kwamfuta halinsa: wannan ƙashi ne, yana da tauri amma yana karyewa, wannan hanta ce, tana da taushi, tana tsagewa in matsi ya kai kaza, wannan hanji ne, yana miƙewa, akwai ruwa da iska a cikinsa. Haka za a yi wa kujera da bel da sitiyari.

Bayan nan sai a ce wa kwamfuta, to motar nan tana gudun kaza, ta daki bango. Ita kuwa sai ta ɗauki ɗan lokacin nan da bai kai ƙiftawar ido ba, ta yanka shi gida dubu ɗari ko fiye. A kowane gida ta lissafa inda kowane gutsure ya matsa, da irin ƙarfin da maƙwabcinsa ya ɗora masa. In ta gama, injiniya yana iya kallon haɗarin a hankali kamar majigi, ya cire fata da nama ya leƙa ciki, ya ga lokacin da bel ya nutse, da wurin da hanta ta fi shan matsi.

Mashahuri a cikin irin waɗannan mutanen kwamfuta shi ne THUMS na kamfanin Toyota. An soma aikinsa a 1997, na farko ya fito a shekarar 2000. A 2010 aka fito da na huɗu, wanda aka zana wa kayan ciki dalla-dalla. A 2016 aka ƙara da yara masu shekara 3 da 6 da 10, kuma tun daga 2021 kamfanin ya bar shi kyauta ga masu bincike. Har wa yau, a 2006 wasu manyan kamfanonin motoci sun haɗa gwiwa suka kafa ƙungiyar GHBMC don gina nasu tare da jami'o'i.

Wani zai ce, yaya aka san kwamfutar ba tatsuniya take yi ba? Ai ba a yarda da ita haka nan. Sai an gwada amsarta da sakamakon gwajin gawarwaki da na dabbobi, da kuma bayanan haɗurran gaske da asibitoci suka tattara. In ta yi daidai da abin da aka riga aka sani, sa'an nan a tambaye ta abin da ba a gwada ba. Fa'idarta ita ce ana iya maimaita haɗari guda sau ɗari, kowane karo a sauya abu ɗaya: a kwantar da kujera, a sassauta bel, a sa mai ƙiba, a sa siriri, ba tare da an rasa rai ko mota ba.

ABIN DA AKA GANO GAME DA CIKI

Binciken ya nuna hanyoyi uku da ciki ke samun rauni. Akwai matsewa, inda hanta ko saifa ke shiga tsakanin sitiyari ko bel da ƙashin baya, ta tsage. Akwai fashewa, inda hanji ke matsuwa farat ɗaya ya ɓalle, kamar ka taka ledar ruwan sanyi. Akwai kuma yagewa, inda hanji ke fizguwa gaba, tantanin da ke riƙe da shi ya yage tare da jijiyoyin jinin da ke bi ta cikinsa. Masu binciken General Motors sun nuna tun a shekarun 1980 cewa ba zurfin matsin kaɗai ke yin ɓarna ba, har da saurinsa. In ka danna ciki a hankali kayan ciki sukan goce, amma in dukan ya zo da sauri ba sa samun sararin gocewa.

Yanzu ga inda amsarka take, Malam direba. Ɗora hannuwanka a gefen ƙugunka ta gaba, za ka ji wasu ƙasusuwa biyu sun ɗan turo, dama da hagu. Waɗannan su ne maƙalin bel. Ƙashin ƙugu yana daga cikin mafi ƙarfi a jiki, kuma in igiyar ƙasa ta zauna a ƙarƙashin ƙasusuwan nan, tana taɓa saman cinya, to su za su ɗauki dukan, ciki ya tsira. Amma in ƙugu ya sulale ya bi ta ƙarƙashin igiyar, sai ta tsallake ƙasusuwan ta faɗa kan tumbi, ta nutse har kusa da ƙashin baya. Nan ne hanji ke fashewa, wani lokaci har ƙashin baya ya karye.

Abubuwan da ke jawo wannan sulalewa sanannu ne. Na ɗaya, kwantar da kujera baya kamar gado, irin yadda wasu matasan direbobi ke yi don gayu. Na biyu, zaman sakaka, mutum ya zame gaba bayansa bai manne da kujera ba. Na uku, sakin bel ya yi sako-sako, ko ɗaura shi a kan babbar riga da ta tattaru a ciki. Na huɗu, teɓa, domin mai tumbi bel kan hau samansa tun kafin a tashi mota, sai ya kai hannu ya tura shi ƙasa da kansa. Na biyar, mataccen kushin da ya lotsa. Sai kuma ɗabi'ar nan ta zare igiyar kafaɗa a mayar da ita bayan baya ko ƙarƙashin hammata. Mai yin haka ya mayar da kansa zamanin bel ɗin ƙugu kaɗai, ko kuma ya ɗora igiyar daidai kan hanta ko saifa.

Saboda irin wannan bincike ne masu ƙera motoci suka yi gyare-gyaren da ba ka ganinsu da ido. Akan ɗaga ƙarfen da ke ƙarƙashin kushin ta gaba don ya tare ƙugu. Akwai na'urar da ke fizge bel ya ɗame a farkon karo, akwai kuma wadda ke ɗan sassauta shi in matsin ƙirji ya yi yawa. Sandar sitiyari ma an yi ta yadda za ta lanƙwashe maimakon ta soki direba.

Haka kuma akwai karon gefe, wanda ake yawan yi a mararraba. Tun daga 1972 da Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama, direba yana zaune ne a hagu, watau saifarsa ce ke fuskantar ƙofa. Fasinjan gaba kuwa hantarsa ce a wajen ƙofa. Tsakaninsu da motar da ta dako ba komai sai gwangwanin ƙofar. Maganin wannan yana ga tsayawa a duba kafin a hau babban titi, alal misali inda hanyarku ta Bunkure ta haɗu da titin Kano zuwa Zariya a Karfi.

To, shi abokin aikin naku fa? Abin da ya kamata 'yan tasha su tambaya shi ne, ƙarfin da ya isa ya sa bel ya ji masa ciwo a ciki, da babu bel ɗin ina zai kai shi? Zai kai ƙirjinsa da cikinsa kan sitiyari ne, kansa kuma ya fasa gilashi, ko ya yi waje da shi gaba ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce bel yana rage haɗarin mutuwar wanda ke cikin mota da kusan rabi. Wanda bel ya ji wa ciwo yana nan yana ba da labari a tasha. Wanda bai ɗaura ba, sau da yawa wasu ne ke ba da labarinsa.

MOTAR KWAMFUTA DA MOTAR TASHA

Sai dai fa, jama'a, akwai abin lura. Duk lissafin nan an gina shi ne bisa mutum ɗaya a kujera ɗaya, da bel ɗinsa, a cikin mota mai lafiya. Wanda ya zana Golf ko Sharon bai zana ta don mutum 2 a kujerar gaba da 4 a layin baya ba, balle buhunan shinkafa da kwandunan tumatir har rufi. Na biyun nan da ake cusawa kusa da direba ba shi da bel, ƙafarsa tana kan giya, gabansa kuma ba abin da zai tare shi sai gilashi. Fasinjan baya da bai ɗaura bel ba shi ma makami ne a kan na gabansa. Wani bincike da aka yi a Japan, aka buga a 2002, ya nuna haɗarin mutuwar na gaba mai ɗaure da bel yakan ninka kusan sau 5 in na bayansa bai ɗaura ba. Kayan da ba a ɗaure ba ma haka suke tasowa.

Bugu da ƙari, yawancin motocinmu na hannu ne. Na'urar nan mai ɗame bel sau ɗaya take aiki, haka ma jakar iskar da ke cikin sitiyari. In motar ta taɓa yin haɗari aka gyara jiki aka yi fenti ba a sauya su ba, to hoto ne kawai. Duk bel ɗin da ya soma zarewa, ko aka ɗinke shi, ko aka ƙulla, ko wanda ba ya cijewa in ka fizge shi da ƙarfi, a sauya shi. Wanda kuma ke rataya bel a kafaɗa in ya hango jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra, ya sake shi in ya wuce, kansa ya yaudara. An kafa hukumar a 1988, ta kuma soma tilasta ɗaura bel a watan Janairu na 2003. Ƙa'idar gudu ga motocin haya ita ce kilomita 50 a cikin gari, 80 a kan babbar hanya, 90 a kan tagwayen hanya. Masu iya magana sun ce sauri ya haifi nawa.

AMSAR MALAMA TA KIBIYA

Malama, ki riƙa ɗaura bel a kowace tafiya, tun daga watan farko har ranar haihuwa. Tsiran uwa shi ne tsiran abin da ke cikinta. An yi wannan gwaji ma a kwamfuta, domin a farkon shekarun 2000 kamfanin Volvo ya gina siffar mace mai tsohon ciki, da mahaifa da mabiyiya da jariri. Babban abin tsoro ga mai juna biyu shi ne rabuwar mabiyiya da bangon mahaifa, saboda mahaifa tana miƙewa in ta sha duka, ita kuwa mabiyiya ba ta miƙewa kamarta.

Ga yadda za ki ɗaura. Igiyar ƙasa ta bi ta ƙarƙashin cikin, can ƙasa a kan ƙashin ƙugu, kada ta ratsa ta kansa ko ta samansa. Igiyar sama ta bi ta tsakiyar ƙirji ta zagaya gefen cikin zuwa kafaɗa. Ki gyara hijabi ko mayafi kada ya tattaru a ƙarƙashin igiyar. Ki zauna a miƙe, in a gaba kike a tura kujerar baya. Kada ki yarda a haɗa ki da wani a kujera ɗaya, ko da sai maigida ya biya kuɗin mutum biyu. In kuwa aka yi karo, kome ƙanƙantarsa, ki je asibiti a ranar, ko da ba kya jin komai. In kika ga jini ko ruwa, ko ciwon mara ya taso, ko motsin yaro ya ragu, kada a jira gari ya waye.

Game da yara kuma, su ƙasusuwan nan biyu na ƙugu ba su gama fitowa ba, ga shi ƙafarsu ba ta kai ƙasa, sai su zame gaba bel ya hau tumbi. Shi ya sa a Ingila doka ta ce yaro ya zauna a kujerar yara ko matashin da ke ɗaga shi har ya kai shekara 12 ko tsawon santimita 135. Wurin yaro baya ne, kuma kada a haɗa babba da yaro a bel guda, domin nauyin babban zai matse yaron a jikin igiyar.

CIWON DA BA YA NUNA KANSA

Saura abu na ƙarshe, wanda ya shafi kowa. Hausawa kan ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, to har jini yakan ɓoye. Jinin jikin babban mutum kimanin lita 5 ne, kuma lita 1 ko 2 na iya tsiyaya a cikin ciki ba a ga ɗigo ɗaya a waje ba. Hanjin da ya huje kuwa yakan ɗauki sa'o'i, wani lokaci kwana guda ko biyu, kafin ciwon ya bayyana. Abin da muka saba shi ne, in an yi haɗari a ruga da mai jini da mai karaya, shi kuwa wanda ya miƙe yana kakkaɓe riga a ce masa Allah ya kiyaye gaba, ya tafi gida. Wani lokaci shi ne ya fi kowa shiga haɗari.

Ku lura da waɗannan alamu: shatin bel ko na sitiyari a ciki, ciwon ciki mai ƙaruwa, ciki ya kumbura ko ya yi tauri kamar katako, amai, jiri, gumi mai sanyi, ƙishirwa mai tsanani, bugun zuciya da sauri, ido da tafin hannu su yi fari, jini a fitsari, ko ciwon kafaɗar hagu alhali ba a buge ta ba, wanda kan nuna saifa tana zubar da jini. Wanda aka ga ɗaya daga cikinsu a jikinsa, kada a ba shi abinci ko ruwa, domin mai yiwuwa ne a yi masa tiyata. Kada a yi masa gashi da ruwan zafi, kada a murza cikin, kada a saya masa maganin kashe zafi a kemis a ce ya kwanta. Wannan ba aikin mai ɗori ba ne. A kai shi asibiti mafi kusa, kamar Babban Asibitin Rano, a gaya wa likita inda yake zaune a motar, da ko ya ɗaura bel, da abin da ya buge shi. In likita ya ce a kwana don a sa ido, a kwana. In ya ce a wuce Kano, Asibitin Murtala ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, a kama hanya nan take, 'yan'uwa kuma su bi da shirin ba da jini. Lambar kiran gaggawa ta Hukumar Kiyaye Haɗurra ita ce 122.

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce mutane kimanin miliyan 1.19 ne ke mutuwa a kan hanya a kowace shekara, kuma in aka kwatanta da yawan jama'a, nahiyarmu ta Afirka ce ta fi kowace asara. Mun sani rai da ajali na Allah ne, amma an umarce mu da yin sababi. Masana sun kashe shekaru da dukiya mai yawa kafin su gano inda ya kamata igiyar nan ta zauna, kai kuwa aikin daƙiƙa 3 ne: zauna a miƙe, tura ta ƙasa kan ƙashin ƙugu, ja ta kafaɗa ta ɗame.

To jama'a, a nan za mu dasa aya. In kunne ya ji, jiki ya tsira.